Na'urar da ke Auna Kaurin Ƙarfe da Sauti, da Yadda Ake Karanta Fuskarta

Daga cikin abubuwan da mutanen wannan zamani suka ɗora wa amanar rayukansu, ba tare da sun tsaya sun yi nazari a kai ba, akwai wani siririn bangon ƙarfe da ke tsakaninsu da abin da zai iya halaka su. Tukunyar gas da ke ɗakin girki, da tankar fetur da ke ratsa tsakiyar kasuwa, da tankin iskar mai faci da ke bakin titi, da tukunyar tururi ta masana'anta, da bututun da aka shimfiɗa domin kawo ɗanyen mai daga kudu zuwa matatar Kaduna, dukkansu, duk da bambancin girmansu da aikinsu, sun dogara ne da abu guda, wato cewa kaurin da aka ba su ranar da aka ƙera su yana nan har yanzu. Alhali kuwa ƙarfe yana cinyewa, kuma galibi daga ciki yake cinyewa, inda ruwa ke kwanciya, ko inda guba da zafi ke gogarsa dare da rana, ta yadda mutum zai ga tanki ya sha fenti yana ƙyalli a zahiri, a baɗini kuwa tsatsa ta ci fiye da rabinsa.

A da, wanda ya so ya san halin da bangon tanki yake ciki ba shi da hanya sai ɗayan uku: ko ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya yi ƙiyasi da amon da ya ji, ko ya huda shi ya auna sa'an nan ya toshe hudar da walda, ko kuwa ya dakatar da aiki, ya kwashe abin da ke ciki, ya shiga da fitila. Ma'auni mai baki irin na awartaki, wanda masu sayen ƙarfe a Ƙofar Ruwa ta Kano da maƙeran Panteka ta Kaduna suka saba da shi, yana bukatar ya kama ƙarfen ta fuska biyu, saboda haka iyakarsa gefen faranti ko bakin bututu. Tsakiyar tanki rufaffe ta fi ƙarfinsa. Na'urar da za mu yi bayani a kanta a nan ta zo ne domin warware wannan mushkila, gama ita fuska ɗaya kawai take bukata, kuma ba ta barin ko ƙwarzane a jikin abin da ta auna.

Asalin hikimarta amsa-kuwwa ce, wadda duk yaron da ya taɓa yin kira a gindin dutse ya san ta: murya takan tafi, ta bugi dutsen, ta komo, kuma gwargwadon nisan dutsen gwargwadon jinkirin komowarta. Sai dai sautin da na'urar ke aikawa kunnen ɗan Adam ba ya jinsa, domin jin kunne yana ƙarewa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa guda, ita kuwa mafi yawan lokaci tana aiki ne da sauti mai kaɗawa sau miliyan 5 a daƙiƙa. Irin wannan sautin ne likitoci ke amfani da shi wajen ɗaukar hoton jariri a cikin mahaifiyarsa.

Ilimin bai samu dare ɗaya ba. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu mutanen Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai wasu duwatsu masu sheƙi waɗanda in an matse su sai su fitar da lantarki, daga baya kuma aka tabbatar da cewa in an ba su lantarki sai su motsa. A lokacin yaƙin duniya na farko Paul Langevin ya yi amfani da wannan ɗabi'a wajen neman jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. Wajen ƙarshen shekarun 1920 Sergei Sokolov na Rasha ya kawo shawarar a nemi aibin da ke ɓoye cikin ƙarfe da irin wannan sauti. A 1942 kuma aka ba Floyd Firestone, malami a Jami'ar Mishigan ta Amurka, takardar mallakar na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta saurari komowarsa. Wadda ake riƙewa a tafin hannu yau, mai aiki da ƙananan batura, jikanyar waccan ce.

Ɓangarorinta uku ne: akwatin da ke ɗauke da fuska da maɓallai, da waya, da wani ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshen wayar wanda ma'aikata ke kira furob. A cikin furob ɗin akwai tangaran na musamman mai irin ɗabi'ar duwatsun nan, kuma wanda aka fi amfani da shi wajen neman tsatsa an raba fuskarsa biyu da wani siririn layi, rabi ɗaya yana aika sauti, ɗaya rabin yana saurare.

A nan ne ya wajaba mai karatu ya riƙe wata mas'ala wadda ita ce ginshiƙin wannan bayani duka: abin da na'urar ke aunawa a haƙiƙa lokaci ne. Tana ƙidaya tsawon lokacin da sauti ya ɗauka daga shigarsa cikin ƙarfe zuwa bugun bangon baya zuwa komowarsa, sa'an nan ta ninka wannan lokacin da gudun sauti, ta raba biyu saboda tafiyar zuwa da dawowa ce, abin da ya fito shi take nunawa a matsayin kauri. Sauti yana gudun kimanin mita 5,920 a daƙiƙa cikin ƙarfen da ake ƙera tankuna da bututu, saboda haka a faranti mai kaurin milimita 10, tafiyar gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Lokacin, na'urar ce ke auna shi da kanta, kuma ba ta cika kuskure a kansa ba. Amma gudun sautin, mutum ne ke gaya mata, ita kuwa ba ta da wata hanyar gane ko abin da aka ɗora ta a kai baƙin ƙarfe ne, ko alminiyam, ko jan ƙarfe. A cikin alminiyam gudun ya kai kimanin mita 6,320, a cikin jan ƙarfe kuwa wajen 4,700 ne. Idan wani ya auna tukunyar alminiyam jiya, yau kuma abokin aikinsa ya ɗauki na'urar ya ɗora a kan farantin ƙarfe mai milimita 10 ba tare da ya sake saiti ba, fuskar za ta nuna masa kusan 10.7, da lambobi tsaf babu ko rawa, kuma babu wata alama da za ta faɗakar da shi cewa an yi masa ƙari. Shaidar da na'urar ke bayarwa tana inganta ne gwargwadon ingancin abin da aka shaida mata tun farko.

Saboda haka ma'aikacin kirki ba ya fara awo sai ya cika sharuɗɗa. Na farko shi ne daidaita sifiri. Sauti yana ɓata ɗan lokaci a cikin furob ɗin kansa kafin ya shiga ƙarfe, kuma wannan lokacin yana sauyawa yayin da fuskar furob ke cinyewa da guga, ko yayin da ya ɗumama. Domin a cire shi daga lissafi ne aka maƙala wani ɗan faifan ƙarfe a jikin akwatin, wanda a ƙananan na'urori da yawa kaurinsa milimita 4 ne, sai a ɗora furob a kansa, a danna maɓallin saiti, a jira har na'urar ta amince. Na biyu shi ne tabbatar da gudun sauti, kuma duk da cewa kowace na'ura tana zuwa da jadawalin gudu na ƙarafa iri-iri, hanyar da ta fi kusa da yaƙini ita ce a samo guntun ƙarfe irin wanda za a auna, wanda aka riga aka san kaurinsa da ma'aunin hannu, a ɗora furob a kansa, a gyara lambar da ke fuska har ta dace da kaurin da aka sani, sai na'urar ta fitar da gudun da kanta. Masu wannan sana'a sukan riƙe wani ƙarfe da aka yanka hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da kaurinsa a rubuce, su gwada siriri su gwada mai kauri, ta yadda abin da za su auna zai faɗo tsakanin biyun. Wannan ya fi zama dole ga ƙarfen zubi, domin gudun sauti a cikinsa yana saɓawa ƙwarai daga wani zubi zuwa wani, har ba a dogara da jadawali a kansa.

Sharaɗi na uku shi ne gyara wurin awo da shafa mai. Ana kankare ɓawon tsatsa da fentin da ya ɗago da burushin waya ko samfefa, sa'an nan a ɗiga jel, ko giliserin, ko man inji, ko giris in wurin yana da kaushi. Dalilin man shi ne, iska, ko da kaurinta bai kai na gashi ba, tana mayar da kusan dukkan sautin baya kafin ya shiga ƙarfe, man kuwa yana korar iskar ya zama gada tsakanin furob da ƙarfen. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake shafa wa mai juna biyu jel kafin a ɗauki hoton cikinta. Daga nan sai a dafa furob a miƙe, da matsi matsakaici wanda ba ya sauyawa, ba a jansa a kan ƙarfe mai kaushi domin kada fuskarsa ta goge. A kan ƙaramin bututu, ana sa layin da ya raba fuskar furob ya gitta tsawon bututun, sa'an nan a juya shi ya bi tsawon a sake aunawa, a rubuta wanda ya fi ƙanƙanta.

To, yanzu sai mu dubi fuskar da kanta, domin a nan ne mafi yawan masu koyo ke gaggawa, idonsu ya tafi ga manyan lambobin tsakiya ya bar ƙananan alamomin da ke gefe, alhali waɗannan alamomin su ne isnadin lambar. Abu na farko da ya kamata ido ya nema shi ne alamar haɗuwa, wadda a wasu na'urori ɗan hoto ne da ke bayyana idan sauti ya shiga ya komo, a wasu kuma sanduna ne da ke ƙaruwa gwargwadon ƙarfin amsar. Muhimmancinta ya zo ne daga wata ɗabi'a ta na'urorin: idan aka ɗaga furob, lambar ƙarshe ba ta gogewa, tana nan zaune a fuska. Mutumin da ya matsa zuwa wuri na biyu, man ya ƙare ko tsatsa ta hana sauti shiga, zai ga lamba a gabansa ya rubuta, bai sani ba lambar wurin farko ce ya sake rubutawa. Muddin alamar haɗuwa ba ta tsaya cak ba, lambar da ke fuska ba hujja ba ce.

Abu na biyu shi ne ma'aunin da aka zaɓa, milimita ko inci, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa kusa da lambar. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma tun da yawancin bututun mai da inci ake ambatonsu, ruɗani a nan ba baƙon abu ba ne. Na uku shi ne gudun sautin da na'urar ke aiki da shi, wanda maɓalli mai haruffan VEL kan fito da shi, kuma ya kamata a leƙa shi duk lokacin da aka kunna. Akwai alamar batir. Akwai kuma wani tsari mai alamar MIN, wanda idan aka kunna shi, aka zagaya da furob a hankali kan wani fili da aka shafe da mai, na'urar za ta riƙe mafi ƙanƙantar lambar da ta gamu da ita. A ganina wannan tsarin ya fi duk sauran amfani ga mai neman tsatsa, domin tanki ba ya fashewa ta inda ya fi kauri, kuma matsakaicin awo goma masu kyau ba ya toshe rami ɗaya.

Sai kuma yawan lambobin da ke bayan ɗigo. Na'ura tana iya nuna 7.83, mutum ya ɗauka ya san kaurin har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, alhali a kan ƙarfen da tsatsa ta ci, in ya ɗaga furob ya mayar a wuri guda sau uku, lambar ƙarshe za ta sauya sau uku. Iya nuna ƙananan lambobi daban, dacewa da gaskiya daban. Rawar lamba ma labari ce: idan tana tsalle tsakanin 6 da 9 a kan fili mai santsi, mafi rinjayen zato shi ne bangon ciki ya yi ramuka-ramuka, sauti yana warwatsewa, kuma wurin ya cancanci ƙarin bincike maimakon a zaɓi lambar da ta fi daɗin rubutawa.

Akwai shubuhohi huɗu da suka shahara, kuma abin da ya sa nake ganin wajibi ne a san su shi ne, uku daga cikinsu suna ƙara wa ƙarfe kaurin da ba shi da shi, wanda shi ne kuskuren da ke kashe mutane. Fenti shi ne na farko: sauti yana tafiya a cikinsa da ƙasa da rabin gudunsa a ƙarfe, saboda haka fenti mai rabin milimita yana bayyana a fuska kamar ƙarfe fiye da milimita guda. Maganinsa ko a kankare fentin, ko a yi aiki da na'ura mai tsarin da ke auna tazarar da ke tsakanin amsa ta farko da ta biyu, domin sautin yana kai-komo cikin ƙarfen sau da yawa, kuma tazarar amsoshi biyu ba ta haɗa da fenti ba. Na biyu zafi ne, gama gudun sauti yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 55 na ma'aunin Salshiyas, sai bututu mai zafi ya nuna ya fi yadda yake, ban da cewa furob na yau da kullum yana lalacewa a kan ƙarfe mai tsananin zafi. Na uku shi ne ninkawa, wanda ya fi su haɗari: idan ƙarfe ya sirance har ya yi ƙasa da abin da furob ɗin zai iya aunawa, amsar farko takan kuɓuce wa na'urar ta kama ta biyu, sai bango mai milimita 0.8 ya fito 1.6, wato daidai wurin da ya fi kusa da hujewa shi ne zai yi kama da mai sauran ƙarfi. Na huɗun akasinsu ne: wani lokaci faranti yakan zo daga masana'anta da rabuwa a tsakiyar namansa, sautin ya komo daga nan, na'urar ta nuna rabin kauri ga ƙarfen da tsatsa ba ta taɓa ba. Manyan na'urori suna zana amsoshin a fuska kamar tsaunuka a jere, wanda ya iya karanta su kuwa yakan gane waɗannan duka da ido. Mai ƙaramar na'ura ba shi da abin dogaro sai sanin kaurin asali da kuma tuhumar duk lambar da ta saɓa wa maƙwabtanta.

Bayan duk wannan akwai wata iyaka da babu saitin da ke kawar da ita, wato na'urar ba ta ba da labari sai na ɗan wurin da furob ya rufe, wanda bai wuce faɗin farce ba. Abin da ya auku a matatar mai ta Richmond, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ranar 6 ga Agusta 2012, ya isa dalili. Wani bututu mai faɗin inci 8 ya fashe, tururin mai ya lulluɓe ma'aikata 19 waɗanda Allah Ya kuɓutar, gobara ta tashi, kuma kimanin mutum 15,000 na unguwannin kewaye suka nemi magani a kwanakin da suka biyo baya. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar ta gano cewa guntun da ya fashe ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na kaurinsa saboda cin sinadarin farar wuta da ke cikin mai. An daɗe ana auna wannan layin bututu, amma wuraren da aka keɓe domin awo sun faɗo ne a kan gaɓoɓin da ƙarfensu ke da sinadarin silikon da yawa, masu jure wa cin, shi kuwa guntun mai ƙarancin silikon yana ta sirancewa a tsakaninsu. Lambobin da aka rubuta gaskiya ne game da inda aka auna. A watan Yuni na 2019 irin haka ta sake faruwa a wata matata a Filadalfiya, inda gwiwar bututun da ba a taɓa auna ta kai tsaye ba ta sirance zuwa kimanin milimita 0.3 kafin ta fashe, matatar kuma ba ta sake aiki ba.

Ke nan zaɓen wurin awo shi ne rabin ilimin, kuma yana bukatar mutum ya san inda ɓarna ke taruwa: ƙasan tanki inda ruwa ke kwanciya, da gwiwar bututu inda abin da ke gudana ke bugu, da gefen walda, da inda bututu ya zauna kan matokari danshi ya maƙale. Tankin iskar mai faci misali ne na kusa, domin duk iskar da injin ya matsa tana sauke raɓa a cikinsa, idan kuma ba a buɗe mafitar ƙasa ana zubar da ruwan ba, cikin tankin ta ƙasa ne ke ruɓewa, samansa kuwa yana nan kamar sabo; wanda ya auna saman don ya fi sauƙin kaiwa bai auna kome ba.

Awo ɗaya kuma, kome ingancinsa, yana faɗin halin yau ne kawai. Amfanin gaske yana fitowa ne idan an yi wa wurin alama, an rubuta kwanan wata, an dawo an sake aunawa a daidai nan. A ƙaddara bututu ya nuna milimita 8 shekara 5 da suka wuce, yau ya nuna 7, injiniya kuma ya lissafa cewa ba zai ɗauki matsin da ke cikinsa ba in ya gaza 5. Yana cinyewa ke nan da milimita 0.2 a shekara, saura masa shekara 10, kuma ƙa'idar da masana'antar mai ke bi ita ce kada a bari rabin wannan wa'adi ya wuce ba a sake dubawa ba. Wannan lissafi ne mai sauƙi, amma ba ya yiwuwa ga wanda ya yar da takardar bara. Ayyuka irin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da matatar Zinder da ta fara aiki a 2011, za su bukaci matasan da suka iya wannan aiki shekara da shekaru, kuma akwai tsarin horo da jarrabawa na duniya, ISO 9712, mai daraja uku, wanda ake ba mutum shaidar ƙwarewa a kansa. Sayen na'ura a kasuwa bai isar wa kowa ga wannan horon ba.

Ga mai gidan mai, da mai tanka, da mai masana'anta, da duk wanda ya kira mai awo ya duba masa kayansa, ina roƙon kada ya wadatu da a ce masa lafiya lau. Ya nemi a gwada na'urar a gabansa a kan ƙarfen da aka san kaurinsa, kafin a fara aiki da kuma bayan an gama. Ya tambayi gudun sautin da aka sa, da ko an cire fenti daga lissafi. Ya tabbata an auna ƙasan tankin da gwiwoyin bututun. Sa'an nan ya karɓi takarda mai zanen wuraren da aka auna, da lambar kowane wuri, da kwanan wata, ya adana ta har zuwa awo na gaba.